Muryar da Na Sa Aka Share

Ranar da labarin ya same ni ina tsakar gida ina zaɓen albasa, ina ware masu taushin wuya gefe guda don kada su ɓata sauran. Laraba ce da hantsi, rana ta riga ta yi zafi. Sai ga ƙanena Ɗalha ya shigo ba sallama. Ɗalha bai taɓa shigo mini gida ba sallama. Ya tsaya bakin zaure da waya a hannu.

Ya ce, "Yaya A'i, tashi ki sa hijabi."

Na ce, "Hwaɗa mini nan inda nike."

Ya faɗa.

Sanƙarau ne. Ran Litinin ɗiyata ta ce kanta na ciwo, ran Talata wuya ya ƙi juyawa, Laraba da safe ta cika a asibiti. Ba a kira ni tun Talata ba, don ita ta hana. Ta ce kada a tayar mini da hankali a kan zazzaɓi. Bayan azahar aka kawo ta nan Liba, kafin magariba an rufe ta kusa da ubanta.

Sunanta Raihanatu. Ɗiyata ce ta fari, saboda haka shekara ashirin da huɗu ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba. "Ke" nake ce mata. Haka muka tarar, haka uwata ta yi da babban wanmu. Ba a zama hira da ɗan fari, ba a yabonsa, ba a nuna ana jin daɗin ganinsa. Yanzu ma rubutawa na yi, ban faɗa ba.

Tana shekarar ƙarshe a jami'a a Aliero, tana karatun noma. Mutanen unguwa har dariya suke yi, wai ɗiyar masu albasa ta tafi jami'a a koya mata albasa. Aikin da aka ba ta na gamawa shi ne ta gano abin da ke sa albasa ruɓewa a cikin rudu, wato gadon kara da muke jera ta a kai mu rufe da ciyawa. Ta yi ta yawon ƙauyuka, Kashin Zama, Giwa Tazo, har nan garinmu, tana zama da manoma tana tambayarsu, tana ɗaukar maganar, ta zuba a kwamfutarta. Wani hutu ta kunna mini guda. Wani tsoho ne yake tsokanarta, yana cewa in ta gama boko ta zo ya aure ta ya ba ta rudu uku, ita kuwa tana dariya har da tari. Na ce ta kashe, hayaniya ta yi yawa. Na so in ji sauran. Ban faɗa ba.

Ranar uku ƙawarta Fadila, wadda suke ɗaki ɗaya a makaranta, ta kawo kayanta daga Aliero: akwati, bokiti, ɗan risho, wayarta, da kwamfutar a cikin baƙar jaka.

A zaman makoki ne Gwaggo Gudiya, ƙanwar ubana, ta ga jakar ta tambaya. Da aka gaya mata, sai ta girgiza kai.

"'Yan zamaninga suna mutuwa su bar kiɗe-kiɗe cike da waya. Duk sadda wani yak kunna, zunubin na iske su cikin kabari. A'i, in kina son ɗiyarki, ki sa a wanke abinga tun da wuri."

Mata suka ce haka ne, an yi wa ɗan wane, an yi wa ɗiyar wance. Ban tambayi malami ba. Ban tambayi Fadila ba, ga lambarta a rubuce a bangon ɗakina. Tsoro ne ya kama ni. Na rasa yi mata komai tana ciwo, ga wani abu da zan iya yi mata.

Ranar bakwai, bayan la'asar, na kira Ɗalha. Shi ke da rumfar cajin waya a bakin kasuwa, da farantan sola a kan rufi, yana kuma tura wa mutane karatu da wa'azi a waya. A garinmu shi ne masanin irin waɗannan abubuwa.

Na ce, "Duk abin da ad da kiɗa ciki, ka share shi."

Ya ce, "Yaya, suna da yawa. Ba ni iya sauraren su ɗaya-ɗaya."

"To ƙaƙa ake gane su?"

Ya nuna mini. Kowane abu mai sauti yana da wata 'yar alama a jikinsa kamar ludayi a tsaye. Na ce duk mai ludayi ya tafi. Ya yi ta sharewa. Ya shiga wasu wurare can ciki, ya ga abubuwa masu hoton lasifika, ya ce ko waɗannan na kiɗa ne. Na ce su ma su tafi. Ya buɗe kwandon da sharar ke taruwa ya zubar. Wayar kuwa wanke ta ya yi gaba ɗaya, aka ba matar ƙanenta. Bayan nan ya ce tunda wuri ya samu, bari ya cika shi da alheri. Ya kwaso karatun Alƙur'ani da tafsiri na shekaru daga rumfarsa, ya yi ta zubawa har kwamfutar ta ce ta cika. Ya ce duk wanda ya saurara, ladan na kai mata. Na sa masa albarka. Ran nan ne na fara cin abinci sosai.

Bayan arba'in mutane suka watse, gida ya yi shiru. A nan na gane wani abu na ɓace mini. Fuskarta tana nan. Tafiyarta tana nan, yadda take jan takalmin hagu. Amma muryar in na neme ta a kaina sai in ji ta wata, ko ta ƙanwata, ko ta mai karanta labarai a rediyo. Wayata ƙarama ce mai maɓallai, ba ta ajiye magana. Na tuna da tsohon nan da dariyar nan. Na ɗauki jakar na tafi rumfar Ɗalha, na ce ya koya mini kunnawa.

Ya koya mini. Muka duba, muka sami hoto mai motsi guda ɗaya da ya tsira, don a fuskarsa albasa kawai ake gani, ba ludayi. Ya danna. Ga ta tsaye a bayan gidanmu, gefen ruduna, da shuɗin hijabi, ta ɗauki albasa tana nunawa, bakinta na motsi. Ba a jin komai.

Ɗalha ya ƙara sauti. Shiru. Ya kashe ya kunna. Ya sa abin kunne. Ya hura 'yan ramukan da ke gefe. Ya kunna karatun da ya zuba, shi ma shiru. A can ƙasa, kusurwar dama, akwai ɗan hoton lasifika da jan gicciye a kansa.

Ya ce, "Wataƙila zahi na. Bazarar bana ta kashe kaya da yawa."

Na ce, "Wataƙila."

Bai dube ni ba, ban dube shi ba.

Wata biyu ina kallonta haka. Minti biyu ne da 'yan kai. Na san inda take gyara hijabi, na san inda kaza ke wucewa bayanta, na san a ƙarshe tana waiwayawa wajen gida ta yi murmushi, bakinta ya motsa sau biyu, hannunta ya rufe hoton. Na riƙa sa mata magana da kaina. Wata rana gaishe ni take yi. Wata rana tana ce mini kanta na ciwo, in zo.

Da ruwa ya zauna aka gama shuka, na kira Fadila. Ta ce ta gama jarrabawa, tana shagon wanta Jamilu a Jega, kusa da tasha, inda suke gyaran waya da kwamfuta. Ashe karatun kwamfuta ta yi. Na naɗe jakar a leda biyu saboda ruwa, na hau mashin zuwa Maiyama, na shiga mota zuwa Jega, jakar na kan cinyata har muka isa.

Shagon ƙarami ne, da fanka ɗaya da warin dalma. Fadila ta durƙusa ta gaishe ni, ta ba ni kujerarta, ta zauna a kan benci. Ta buɗe kwamfutar ta tsaya tana kallon wata 'yar takarda mai fure da Raihanatu ta manna a gefe. Sannan ta share ido ta fara tambaya kamar ma'aikaciyar asibiti.

"Inna, ta taɓa hwaɗuwa ƙasa?"

"A'a."

"Ruwa ya taɓa ta?"

"A'a."

"Wani ya shiga cikinta ya taɓa wani abu?"

Na ce, "A'a."

Allah Ya yafe mini. Kunya ce ta sa.

Ta gwada abin kunne, ta gwada wata 'yar lasifika ta shagon. Ta ce ba nan ciwon yake ba, lasifikar lafiyarta lau. Ta buɗe wani dogon jeri na rubutu, ta ce in matso.

"Inna, cikin kwamfuta akwai 'yan aiki da ba a gani. Da an kunna ta kowa na tashi ya kama aikinai. Wanga na kula da agogo, wanga na kula da caji. Wanga da nis sa yatsa kai, shi ka ɗauko sauti ya kai ga lasifika. Kin ga sauran duk an rubuta suna tsaye. Shi an rubuta ya kwanta."

"To tashe shi."

Ta danna. Jan gicciyen nan na kusurwa ya ɓace. Kafin in ce a kunna hoton, gicciyen ya dawo.

Ta sake tashinsa. Na ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ya faɗi. Ta ce wa kwamfutar in ya faɗi ta riƙa tashinsa da kanta. Muka zauna muna kallon gicciyen yana tafiya yana dawowa, kamar ɗan akuyan da aka haifa ba ƙafa.

Jamilu yana can ciki da wayar wani a buɗe gabansa. Ya ɗago kai.

"Ke dai kina son wahala. Wanke ta duka ki zuba sabo, minti talatin an gama."

Fadila ta ce, "Ka taɓa ta in karya maka hannu, in kai ka Aliero a ɗora, in sake karyawa."

"Allah Ya ba ki haƙuri, injiniya. Inna, kin ga abin da boko ka yi ma ƙanne."

Na yi ɗan murmushi don kada ya ji kunya. Da Fadila ta gaya masa ko kwamfutar wa ce, ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo ya yi mini ta'aziyya, ya koma kan aikinsa.

Fadila ta ce tashinsa da ƙarfi ba zai yi ba, sai an san abin da ke kayar da shi. Ta ce kwamfuta ba ta mantuwa, duk abin da ya faɗi a cikinta tana rubutawa, da rana da lokaci da dalili. Ta buɗe wurin. Jajayen alamu ne jere, ɗaruruwa, duk ranar da na kunna don in kalli ɗiyata an rubuta. Ta karanta ɗaya. Ta ce ɗan aikin nan in ya tashi yana miƙa hannu ya ɗauki wani kayan aikinsa a inda ya saba ajiyewa, sai ya tarar babu, sai ya kife. Ta je inda kayan ya kamata su kasance. Wurin fayau.

"Abinga ba ya ɓacewa da kainai," ta ce a hankali.

Ta yi ta gangarawa ƙasa, tana neman faɗuwar farko. Ta same ta. Ta dubi kalandar da ke bango, ta ƙirga da yatsu.

"Talata, ƙarhe biyar saura. Inna, ranar bakwai ce."

Fanka na juyawa. A waje wani yaron mota na kiran Birnin Kebbi. Na gaya mata duka, da Gwaggo Gudiya, da ludayi, da lasifika, da kwandon shara. Na ce kada ta ga laifin Ɗalha, ni na sa shi.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Bari mu gyara wanga tukuna."

Ta haɗa da wayarta ta nemo kayan aikin da aka share daga wurin masu kwamfutar. Sabis na ta yankewa saboda hadari, abin ya kai mu har azahar. Ta cire ragowar tsohon, ta zuba sabo, ta kashe ta kunna. Kwamfutar ta yi wani ɗan ƙara mai daɗi, irin na buga ƙaramin kwano. Na ƙirga biyar. Na ƙirga ashirin. Gicciyen bai dawo ba.

Na ce, "Nemo mini tsohon nan mai rudu uku."

Ta buɗe inda Raihanatu ke ajiye aikinta. Ga sunayen garuruwa a jere, ni ma na iya karanta su: Kashin Zama, Giwa Tazo, Liba. Ta buɗe na farko, ba komai. Na biyu, ba komai. Na uku, ba komai. Ta ce hirarrakin guda arba'in da uku ne, ta sani don tare suka ƙirga. Ta ce maganar mutum da waƙa duk alamarsu ɗaya ce a kwamfuta. Duk ludayi ne.

"Waƙoƙin nata ma ba su kai goma ba, Inna. Ba ta da lokacinsu."

Amma ta ce kada in yanke ƙauna. Abin da aka share ba ya tafiya nan take. Kamar gona ce da aka tuge alamar iyaka, abin da ke cikin ƙasa yana nan, ana iya tonowa, muddin ba a sake shuka wani abu a wurin ba. Sai ta duba cikin kwamfutar ta ga a cike take.

"Mi ac cikinta haka?"

Na ce, "Karatu na. Da tafsiri. Don lada ya kai mata."

Fadila ta sa hannu biyu ta rufe fuska.

Duk da haka ta gwada. Ta sa wani abin tono ya yi ta aiki, muka yi sallar azahar a bayan shago, Jamilu ya sayo mana fura ban iya sha ba, muka yi la'asar. Abin da ya fito guntaye ne. Ta riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya. Wannan shuu kamar ruwan sama a kan kwano. Wannan rabin aya, sai ƙara. A guda ɗaya muka ji wani namiji ya yi tari ya ce, "toka muka zubawa ƙasa," sai ya yanke daidai inda za ta yi tambaya ta gaba.

Na tambaye ta ko ita tana da muryar a wayarta. Ta ce ɗakinsu ɗaya, magana baki da baki suke yi, in kuma sun rabu Raihanatu rubutu take turowa. Ta ce za ta tambayi 'yan ajinsu. Ta tambaya daga baya. Ba a samu ba.

Saura hoton nan guda. Fadila ta ce, "In kunna?"

Na ce ta kunna.

Iska ce ta fara shiga, da kukan kaza. Sai muryar. Ita ce, na gane ta tun kafin ta gama kalmar farko, har cikin ƙashina na ji ta. Amma da Turanci take magana. Don malamanta ta yi shi. Wata murya ce a miƙe, a tsanake, wadda ban san ta da ita ba, kamar ta sa kayan aro. Wata biyu ina zaton da ni take. Fadila ta fara fassara mini, wai tana cewa a ɗaga rudu daga ƙasa kamu biyu don iska ta ratsa. Na ɗaga mata hannu ta yi shiru.

Ta gyara hijabi. Kaza ta wuce. Sai wata murya ta fito daga cikin gida, da ƙarfi, da faɗa:

"Ke! Bar zancen banza da waya ki zo ki sauke tukunyar ga!"

Muryata ce. Ban ma tuna ranar ba.

Ta waiwaya wajen gida ta yi murmushi. Da muryarta ta gida, wadda na sani, ta ce, "To, Inna."

Hannunta ya rufe hoton.

Ban yi kuka a shagon ba. Na yi godiya, Fadila ta kwafe hoton a wurare biyu, ta ba ni guda a wani ɗan abu kamar ƙwayar wake ta ce in adana. Ta raka ni tasha ta riƙe mini jakar har na zauna.

Da na dawo na gaya wa Ɗalha an gyara. Ya tambaya ko an sami sauran, na ce a'a. Ya zauna a kan bencin rumfarsa ya cire hula. Na ce masa ba shi ya yi ba. Har yau in na shiga rumfar yana tashi tsaye, amma ba ya haɗa ido da ni. Gwaggo Gudiya ban gaya mata komai ba, ta tsufa, kuma da alheri ta faɗa. Karatun yana nan ban sa an cire ko ɗaya ba. Ranar Juma'a ina kunna shi, yanzu ana ji.

Kullum da hantsi, in na gama shara, ina karɓo kwamfutar daga caji in zauna a bakin ɗaki. Ina fara duba kusurwar dama, in ga ba gicciye. Sannan in kunna. Turancin ina saurarensa duka, har na haddace wasu wurare ban san ma'anarsu ba. Fadila ta nuna mini yadda ake tsallakewa zuwa ƙarshe, amma kalmomin biyu suna manne da faɗan da na yi, hannuna ba ya iya raba su. Don haka ina zama in ji kaina ina ce mata "ke," in jira ta waiwayo.